Yadda Ake Ɗaukar Hoton Kadan Amurka a Cikin Fadamarsa

Wanda ya je kudancin Florida da rani ba zai sha wahalar ganin kada ba. Ga shi kwance a bakin kwalbati, ga wani a gefen titi yana shan hantsi, motoci na wucewa ko kallonsu ba ya yi. A jihar Florida kaɗai an ƙiyasta akwai kimanin miliyan 1.3, sun bazu a dukkan gundumominta 67, ta Louisiana kuma ta fi ta yawa. Inda gizo ke saƙar shi ne dawowa da hoton da mutum zai kalla har ya sake kallo. Yawancin hotunan da baƙi ke dawowa da su iri ɗaya ne: wani baƙin gungume a kan ciyawa, an ɗauke shi daga sama da tsakar rana, babu ido, babu rai. Da mai hoton ya ga haka sai ya ɗauka nisa ne ya cuce shi, ya ƙara matsawa. Nan ne kuskuren yake, domin a wannan sana'a nisa ne ke gyara hoto, kuma shi ne ke mayar da kai gida da ƙafafunka biyu.

Mataki na farko: san wanda ka je gani

Dabbar da ake kira aligeta ɗan'uwan kadanmu ne, amma ba gidansu ɗaya ba. Sunan ya samo asali ne daga Sifaniyawan da suka fara isa Florida, waɗanda suka kira shi el lagarto, wato ƙadangare. Iri biyu ne kacal a duniya: na Amurka, da wani ƙarami da ya rage a yankin kogin Yangtze na ƙasar Sin. Bakin na Amurka faffaɗa ne mai zagaye kamar bakin shebur, fatarsa baƙa-baƙa, kuma idan ya rufe baki haƙoran ƙasa sukan ɓuya. Namiji yakan kai mita uku da rabi ko ya ɗan wuce, mace kuwa da wuya ta haura mita uku. Farauta ta taɓa kusan ƙarar da su, har aka sa su cikin jerin dabbobin da ke gab da ɓacewa a 1967, aka kuma cire su a 1987 bayan sun farfaɗo.

Abin da ya fi waɗannan duka amfani ga mai kyamara shi ne jikin kada ba ya samar da ɗuminsa da kansa. Rana da ruwa ne ke juya shi. Ya fi kuzari idan zafi yana tsakanin digiri 28 da 33 a ma'aunin Salsiyos. In ya sauka ƙasa da kimanin 21 sai ya daina cin abinci, ƙasa da 13 kuwa sai ya lafe kamar ba shi. Saboda haka kafin ka duba batir, duba hasashen yanayi. Shi zai gaya maka ko kada zai fito tudu, ko zai tsaya a ruwa, ko zai yi iyo yana neman abinci.

Mataki na biyu: zaɓi wata, sannan ka zaɓi wuri

Kudancin Florida yana da rani da damina kamar namu. Daga Disamba zuwa Afrilu ruwan fadamar Everglades yana janyewa, kifi ya taru a ramuka da magudanai masu zurfi, kadoji da tsuntsaye su biyo shi. Kadojin ma da kansu suke haƙa wasu ramukan da baki da ƙafafu, ramukan su riƙe ruwa har damina ta dawo. A wannan lokaci sauro ya yi sauƙi, kuma a kududdufi ɗaya za ka iya ƙirga kada goma ko ashirin. Da damina ta sauka a watan Mayu ko Yuni sai su watsu cikin fadama, ga zafi, ga sauron da ba ya jin magani.

Duk da haka kowane lokaci da irin hotonsa. Neman aure yana farawa a Afrilu, barbara a Mayu da Yuni, lokacin ne maza ke ruri. Mace tana tara ciyawa da laka ta yi sheƙa a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, ta zuba ƙwai talatin da wani abu zuwa arba'in da wani abu, su ƙyanƙyashe bayan wata biyu da 'yan kwanaki, wato daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba. Wanda zai je sau ɗaya a rayuwarsa, ni dai Maris nake ba shi shawara: ruwa ya ja, sanyi ya tafi, kadoji sun fara motsi.

Ga mai farawa, babu kamar hanyar Anhinga da ke Royal Palm, kusa da ƙofar gandun Everglades ta garin Homestead. Gajeriya ce, ba ta kai kilomita ɗaya da rabi ba, rabinta gadar katako ce a kan ruwa, kuma dabbobin wurin sun saba da mutane. Sai dai a yi hattara da ungulayen wurin ajiye motoci. Suna da wata ɗabi'a ta yage robar gilashin mota da ta shafar ruwa, har ma'aikatan gandun kan ajiye tamfol don a lulluɓe motoci. Ka lulluɓe taka, musamman in ta haya ce.

Shark Valley, kimanin tafiyar awa ɗaya daga Miami a kan titin Tamiami, hanya ce mai kwalta da ta yi zobe na kilomita 24, da hasumiyar kallo a tsakiyar tafiyar. Ana hayar keke a wurin, kuma kadoji kan kwanta a kan kwaltar kanta. Illarta ita ce ƙofar motoci ba ta buɗewa sai 8:30 na safe, hasken farko ya riga ya wuce. Gaba kaɗan a kan titin akwai gandun Big Cypress, inda ofishin baƙi na Oasis ke da gadar katako a saman wata magudana cike da kadoji. Wurin kallo ne mai kyau, amma gadar ta yi tsayi ga hoto, daga sama kake ganinsu. Wanda ke son duhun bishiyoyi da ruwa baƙi kamar shayi, sai ya nufi fadamar Okefenokee a Georgia ko tafkin Martin a Louisiana. Na kusa da Houston kuma suna da gandun Brazos Bend.

Jirgin ruwa mai fanka da ake tallata wa baƙi a ko'ina yana da daɗin yawo, amma ƙararsa da girgizarsa ba sa barin hoto ya zauna. Wasu masu yawon jirgin a Louisiana har alewa suke jefa wa kadoji don su taso. Hoton kada yana miƙa wuya yana jiran alewa ba hoton daji ba ne, ko da a tsakiyar daji aka ɗauke shi.

Mataki na uku: kayan aiki

Gilashin zuƙowa ne ginshiƙi. Mai zuwa daga milimita 100 zuwa 400 ya ishi kusan komai, mai kaiwa 600 ya fi ga ƙanana da kuma hoton ido. Ka riƙe gilashin kashe ƙyalli wanda ake murɗawa a gaban na kyamara. Yana cire walƙiyar saman ruwa har a hango jikin kada a ƙarƙashi, amma yana cin haske, don haka da asuba a cire shi. Sanda mai ƙafa ɗaya ta fi mai ƙafa uku amfani a gadar katako, domin wurin ƙunci ne kuma duk wanda ya taka sai katakon ya girgiza. Sauran su ne batir na biyu, memori, hula, ruwan sha da maganin sauro.

Abu ɗaya da ke ɓata wa mutane safiya: ka kwana a ɗaki mai na'urar sanyaya wuri, ka fito cikin danshin fadama, gilashi ya yi hazo fari fat, kuma ba zai washe ba sai bayan minti ashirin ko fiye, daidai lokacin da haske ya fi kyau. Ka kashe sanyin mota tun a hanya, ka bar kyamara cikin jakarta a rufe ta ɗumama a hankali.

Mai waya kaɗai ma zai samu hoto, in ya yarda cewa nasa hoton fili ne: fadama, gajimare, da kada a wani lungu na hoton. Abin da bai kamata ya yi ba shi ne ya mayar da ƙafafunsa gilashin zuƙowa.

Mataki na huɗu: nisa, da yadda ake kwantar da kyamara

Hukumar gandun Everglades ta ce a bar aƙalla ƙafa 15 tsakanin mutum da kada, wato kusan mita biyar. A Brazos Bend ƙafa 30 suke cewa. Ka ɗauki na biyun, ka ƙara a kai in da hali. Kada mai kwance kamar matacce yana iya zabura cikin ƙiftawar ido, kuma daga bakin ruwa ya fi iya kai farmaki, inda jelarsa ke tura shi. Kada ka tsuguna a bakin ruwa (Hausa ma ta haɗa sunan dabbar da kalmar hani a rubutu, sai ka ce da gangan), kada ka juya wa ruwa baya, kada ka shiga tsakanin kada da ruwansa, domin in ya tsorata can zai nufa, ko da ta kanka ne. Yara da karnuka kuwa a nisanta su da gaɓa gaba ɗaya, musamman da asuba da magariba, lokacin farautarsa. In ya hura iska ya yi huci kamar tayar da ta fashe, ka matso da yawa. Ja da baya a hankali. Maganar da ake yaɗawa cewa a gudu ana karkace-karkace ba ta da tushe. In gudu ya kama, a miƙe ake yinsa.

Wannan lissafi na kadan Amurka ne kaɗai. Kadan kogunan Afirka, musamman wanda ake kira na Nilu, ya fi shi girma da zafin rai nesa ba kusa ba, kuma yana ɗaukar mutum a matsayin abinci. Wanda ya saba da mita biyar a Florida ya zo ya gwada a bakin kogin Gaji na Yankari, ko wani kogin da bai sani ba, ya ɗauki ganganci.

To, ga inda nisa ke yi wa hoto aiki. Hoton kada yana rayuwa ne idan kyamara ta yi kusa da daidai da tsayin idonsa. Mutum a tsaye, idonsa yana kamar mita 1.6 daga ƙasa. In kada yana mita biyar, kana leƙa shi ne daga sama da karkatar kusan digiri 18, abin da ke bayansa a hoton laka ce da ciyawar da yake kwance a kai. In ka koma mita ashirin ka zuƙo, karkatar ta sauko ƙasa da digiri biyar, ya zama kamar kuna kallon juna, bayansa kuma ya narke ya zama launi mai laushi. Ka ƙara da durƙusawa a kan tudu nesa da gaɓa, ko ka sauke kyamara ƙasa ka kalli allon da ke juyawa, sai hoton ya zama kamar a cikin ruwan aka ɗauka. Na fi son neman kadan da ke can ɗaya gaɓar magudana: ruwa na tsakaninmu, shi yana cikin natsuwa, ni ma haka.

Akwai wata yaudara da gilashin zuƙowa ke yi. Idonka na cikin kyamara, hankalinka ya tafi kan wanda kake ɗauka, ba ka san wani ya taso daga gefe ba. Wanda ka gani ba shi ne abin tsoro ba. Ka riƙa ɗaga kai kana duba dama da hagu, ko ka tafi da abokin da aikinsa ke nan.

Mataki na biyar: saita kyamara

Saiti a kan ido, kullum. Kyamarorin zamani masu gane idon dabba sukan rikice da kada, su kama hanci ko ƙullutun bayansa, don haka ka koma ɗigo ɗaya ka ɗora shi a kan idon da hannunka. In kada yana gefe, ƙofar haske f/5.6 ko f/8 ta wadatar. In yana fuskantarka kuwa akwai matsala, saboda tsawon bakinsa. Mafarautan yankin suna da wata dabara ta ƙiyasi: yawan incin da ke tsakanin hanci da ido shi ne kusan yawan ƙafar tsawon dabbar. Ke nan kada mai ƙafa goma, tsakanin hancinsa da idonsa inci goma ne, santimita 25. Gilashi mai milimita 400 a f/5.6 daga mita goma kuwa, abin da yake fitarwa tar bai wuce santimita 20 ba, rabi gaba rabi baya. Ido zai fito, hanci ya dusashe. Sai ka tsuke ƙofar zuwa f/11, ko ka ƙara nisa, ko ka yarda da dusashewar in ta yi maka kyau. Sau da yawa tana yi.

Saurin ƙiftawar kyamara 1/500 na daƙiƙa ya ishi mai kwance ko mai iyo a hankali. Amma in kana zaton wani abu zai faru, kamar ya kama kifi ko kififiya, ko ya daki ruwa da kai, ka ajiye shi a 1/2000 tun kafin, ka bar ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara (wanda in ya yi yawa yake sa hoto tsakuwa-tsakuwa), ya hau da kansa. Abin yana ƙarewa kafin ka taɓa maɓalli. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana iya gyara shi, wanda ya goge ba ya gyaruwa.

Haske shi ne wuri na biyu da ake faɗuwa. Dabba baƙa a kan ruwa mai walƙiya tana ruɗa ma'aunin kyamara. In ruwa ya fi yawa a hoton, kyamara za ta rage haske, kada ya zama inuwa. Sai ka ƙara kaɗan. In jikinsa ne ya cika hoton, za ta ƙara haske fiye da kima, haƙora da farin ƙasan haɓarsa su ƙone. Sai ka rage. Ka ɗauka da tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da ya fi karɓar gyara, ka riƙa duba jadawalin haske bayan kowane 'yan hotuna. Jiƙaƙƙen kada ya fi busasshe kyau ƙwarai: wanda ya fito daga ruwa yanzu baƙi ne mai sheƙi, kowane ƙullutu ya fito, wanda ya yi awa biyu a rana kuwa ya koma toka-toka kamar tsohuwar taya.

Mataki na shida: zauna

Nan aikin yake. Ka iso kafin fitowar rana. Bayan dare mai sanyi ruwa ya fi iska ɗumi, hazo yana tashi daga samansa, kadoji suna ciki, ido da hanci kawai suka fito. In ka samu rana a bayansu, hazon ya zama ruwan zinariya, kan kada ya zama baƙin zane a tsakiya. Wannan hoton minti goma sha biyar ne, in ya wuce sai gobe. Da hantsi ya ɗaga za su fara hawowa tudu ɗaya bayan ɗaya. Lokacin ne za ka ga tafiyar da ba kowa ke gani ba, kada ya ɗaga cikinsa daga ƙasa yana takawa a kan ƙafafu huɗu, ruwa na ɗiga daga jikinsa. In jiki ya yi zafi sai ya wage baki ya bar shi a buɗe don ya huce. Mutane kan ɗauka barazana ce, alhali fifita yake yi, kuma dama ce ta ɗaukar haƙoransa kusan tamanin daga nesa.

Ka zaɓi kada ɗaya mai haske mai kyau da bayan da babu tarkace, ka zauna da shi. Masu yawon buɗe ido za su zo, su ɗauka, su wuce, wasu su zo. Kai ka jira ya buɗe ido, ya juya kai har hasken rana ya faɗa cikin ƙwayar idon, ko zalɓe ya sauka kusa da shi yana kamun kifi kamar ba ruwansa. Tsuntsayen fadama sukan yi sheƙa a bishiyoyin da kadoji ke ƙarƙashinsu, domin kada yana korar dabbobin da ke hawa su sace ƙwai, shi kuma ya ci ɗan tsakon da ya faɗo. Ladan gadinsa ke nan. In ka ga bishiya cike da sheƙar balbela a kan ruwa, ka duba gindinta.

Babban rabo kuwa shi ne ruri. A Afrilu da Mayu, galibi da sassafe, namiji yakan ɗaga kai da jela daga ruwa, ya kumbura, jikinsa ya fara girgiza da wani sauti mai zurfin da kunnen mutum ba ya ji, sai ruwan da ke kan bayansa ya hau tsalle kamar man da ake suya. Bayan nan rurin da ake ji ya biyo. Da zarar ka ga kai da jela sun ɗaga, ka mayar da saiti kan gadon baya, ka danna ɗauka a jere. In ɗaya ya fara, na kusa sukan amsa, don haka ko na farko ya kuɓuce maka, juya ka nemi na biyu. Hasken da ke zuwa daga baya ko gefe shi ke sa ɗigon ruwan ya fito.

Ƙananan kadoji abin sha'awa ne, tsawonsu bai wuce santimita 20 ba, baƙaƙe masu ratsin rawaya, sukan hau kan uwarsu su kwanta. Amma duk inda ka ga ƙanana, uwa na nan ko ba ka gan ta ba, kuma takan tsare su shekara guda ko fiye. In suka fara wani ɗan kuka siriri, kiranta suke yi. Ka ninka nisanka, ka bar gilashin 600 ya yi aikinsa. Tulin ruɓaɓɓiyar ciyawa a bakin ruwa da damina kuma sheƙa ce, ba wurin tsayawa ba.

Da dare idon kada yana mayar da haske ja kamar garwashi, saboda wani shimfiɗi mai ƙyalli a bayan ƙwayar idon. Ana samun hoton ne jim kaɗan bayan faɗuwar rana, sama na da sauran shuɗi, kyamara a kan ƙafa uku, tocila kusa da gilashi. Wasu gandaye sun hana haska dabbobi da fitila, saboda haka ka tambayi ma'aikata tukuna, kuma daga kan gadar katako kaɗai ake wannan.

Abu uku doka ta rufe ƙofarsu. Ba kada abinci laifi ne a Florida, kuma dalilin a fili yake: wanda ya saba karɓa daga hannun mutum yakan daina tsoron mutane, ƙarshensa a kira masu kamawa su kashe shi. Haka jefa dutse ko kaɗa ruwa don ya motsa, tsokana ce da doka ta hana. Jirgi marar matuƙi kuma an haramta tashinsa a gandayen ƙasa na Amurka tun 2014.

Mataki na bakwai: bayan an dawo

Ka fara zubar da duk wanda idon bai fito tar ba, komai kyan sauran. A gyara, ka ɗaga inuwa kaɗan don ƙullutan fata su bayyana, amma kada ka mayar da shi kore. Koren da ake gani a jikinsu gansakuka ce da ƙananan ganyen ruwa, fatar kanta baƙa ce mai sirkin toka. Ka daidaita layin ruwa ya kwanta sosai, ka bar fili a gaban hancinsa fiye da bayansa.

Kafin ka rubuta suna a ƙarƙashin hoton, ka sake duba bakin. Kudancin Florida ne kaɗai wuri a duniya da aligeta da kada na ainihi ke zaune tare a daji, kuma a mashigar jiragen ruwa ta Flamingo, can ƙarshen titin gandun Everglades, ana yawan ganin na biyun. In fatar ta yi haske, bakin ya yi tsini, kuma haƙori na huɗu na ƙasa ya leƙo waje alhali bakin a rufe yake, to ba aligeta ka ɗauka ba.